Ranar da Umma Ta Ɓoye Mu Daga Jirgin Ceto

Ranar Larabar da alhazai suka fita Mina, shekarar da ruwa ya ci Jidda, ina tsakar gida ina wanke kofunan shayi, ina 'yar shekara tara. Babanmu ya tafi Makka tura keken alhazai kamar sauran mazan unguwa, aka bar mata da yara. Da aka fara yayyafi murna muka yi, don a Jidda ruwan sama baƙo ne. Muka fito da robobi muna tsalle, Umma tana faɗa za mu jiƙa mata gyaɗar sayarwa. Kafin azahar ruwa ya banko ƙofa, ja wur, yana tafe da takalma da tukunyar gas ɗin wasu. Umma ta goya ƙanena Abbas, wanda dama zazzaɓi ke dafa shi, ta ja hannuna muka hau rufi.

Daga can muna hangen gadar mota inda jama'a suka taru, nan na fara ganin yadda ake sa jirgi a ruwa. Wata wanet, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ta jawo jirgin masunta a kan tirela, ta gangaro da baya da baya har tayoyin tirelar suka nutse. Mutum biyu suka shiga ruwa iya ƙirji riƙe da igiya, wani ya zare ƙugiyar da ke hancin jirgin, suka tura, ya taso. Ko injin ba su sauke sosai ba saboda motocin da ke kwance a ƙasa, da dogayen sanduna suke tokarawa. Na ce, "Umma, ga jirgi!" Ta leƙa, ta ga riguna masu ruwan lemo iri ɗaya a jikinsu, sai ta danne kaina ƙasa.

Wanda bai tashi ba iƙama ba, wato takardar izinin zama, da wuya ya gane. Aikin umara ne ya kawo iyayena suka zauna, mu kuwa tun kafin mu iya Fatiha aka koya mana: "In kin ga kaki, ki zama bango." Ko wasanmu na lungu ke nan, ɗaya ya zama jawazat mai kame, saura su watse. To haka muka lafe bayan tankin ruwa, sama na dukanmu, jirgin ya zo har gindin katangarmu. Ina jin hakin ɗaya daga cikinsu yana kira, "Fi ahad? Akwai kowa a nan?" Umma ta rufe bakin Abbas da tafinta. Suka kwashi maƙwabtanmu 'yan Yaman, suka wuce.

Ba a jima ba katangar gidan da ke jikin namu ta zube, rufinmu ya girgiza. Umma ta duba Abbas. Ya daina kuka, leɓensa ya yi fari fat, jikin nan mai zafi ya koma sanyi ƙalau. Ta jijjiga shi, ido kawai ya ɗaga. Can a gada kuwa sun gama da layinmu, sun maƙala ƙugiya, wani yana murza hannun ƙarfen da ke naɗe igiya, jirgin yana hawa tirela yana tsiyaya. Wata unguwar za su.

Matar da ko gaisuwa a hanya da raɗa take yi, ita ce ta haye kan tanki, ta tuɓe abayarta tana kaɗawa, tana kurma ihu: "Ya nas, jama'a, ku dawo! Ku zo ku kama ni!" Ni kuma ina dukan bututu da ɓallin bulo har hannuna ya fashe. Motar har ta fara motsi, sai wata mata a kan gada ta nuno mu, ta bubbuga wa direban gilashi. Muna kallo suka sake komai daga farko, baya da baya, igiya, ƙugiya, turi, ni kuwa ban taɓa ganin aiki mai nawa irin wannan ba.

Da suka iso, Umma ta haɗa hannuwanta ta miƙa kamar mai jiran ankwa. "Ma fi iƙama, ba ni da takarda. Ku tafi da ni, halas, amma ku kai yaron asibiti." Na gaban, wani baƙi dogo, ya amsa da Hausar haihuwar Jidda, mai fitowa daga maƙogwaro: "Ya khala, inna, wa ya tambaye ki? Mu masuntan Khumra ne. Ni ma tawa ta mutu tun bara. Yalla, miƙo shi!" Ya buɗe rigarsa ya cusa Abbas a ƙirjinsa, fata da fata. Muna tsakiyar ruwa yaron ya yi tari, ya callara kuka, Umma ta kama dariya hawaye na zuba.

Yanzu an rushe unguwar kaf, an haƙa magudanai. Ina zaune a Sharafiyya, takarduna daidai, Abbas har ya fi ni tsawo. Umma kuwa an kama ta bayan 'yan shekaru a bakin kasuwa, rana tsaka, sama garau, aka mayar da ita Damagaram. In muna waya har yau ƙasa ƙasa take magana, sai na ce ta ɗaga murya. Sau ɗaya ta taɓa ɗaga ta a ƙasar nan, aka kuwa amsa mata.