Jirgin da Baba Dakata Ya Tsayar

Shekara goma sha huɗu ke nan jirgin ƙarfe sha ɗaya da kwata yana tsaye a bakin tasha, taku ɗari biyu tsakaninsa da inda fasinja ke sauka, yana jiran Baba Dakata ya ba shi hannu.

Baba Dakata shi ne mai sigina. Ɗakin aikinsa na katako ne, a ɗage kan ƙafafun ƙarfe, kuma biyu daga cikin matakalansa sun ruɓe, sai an tsallake. A ciki akwai sandunan ƙarfe shida a jere, kowace ta kai ƙirjin mutum. In aka ja ta huɗu, hannun siginar da ke can bakin tasha zai sauka, jirgi ya shigo. Yana ɗan shekara sha tara ya kama aiki. Ya yi tara yana goge fitilu, shida yana kaɗa tuta, sannan aka damƙa masa sandunan. A duk tsawon lokacin nan ba fasinjan da ya taɓa ɗaga kai ya ga ko akwai mutum a sama.

Ranar da abin ya faru, aski ya sauka yi. Ba ganganci ba ne a ganinsa, domin tun da yake bai taɓa ganin jirgin sha ɗaya da kwata ya iso kafin ƙarfe biyu ba. Ran nan kuwa sai ga shi a kan lokaci. An aske rabin kansa ke nan ya ji kukan jirgi. Ya dubi madubi, ya tuna da jama'ar da zai ratsa a guje da rabin kai, sai ya ce wa mai aski ya ƙarasa. Kafin ya dawo fasinja sun gaji, sun sauke kayansu sun tako da ƙafa.

A littafin aiki akwai gurbin da ake rubuta dalilin jinkiri. Ya daɗe yana kallon gurbin. Mutum mai iyali ba zai rubuta aski ba. Sai ya rubuta cewa sanda ta cije. Aka ce za a turo injiniya a jirgi na gaba, jirgi na gaba kuwa ba shi da hanyar wucewa, tun da wannan ya tare layi. Bayan wata uku hukuma ta dakatar da zirga-zirga a layin baki ɗaya, ta rufe tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ce kawai ta gagara, saboda doka ta ce ba a rufe tashar da jirgi ke jiran shiga. Ranar da jirgin nan ya shigo, ranar aikin Baba ya ƙare, ƙaryarsa kuma ta fito fili.

Doka ta kuma hana direba barin jirginsa a gaban sigina. Don haka Direba ya kama haya a bayan tasha, ya kwaso iyalinsa. Kullum da safe zai hau injin ya zauna, sha ɗaya da kwata na cika ya busa usur irin na alƙalin wasa, don ƙahon jirgin ya daɗe da mutuwa. Baba sai ya leƙo ta taga ya ɗaga masa jar tuta. A haka ɗan Direba ya ga 'yar Baba tana kawo abinci, suka yi aure, yanzu Baba da Direba jikokinsu uku.

Duk ranar Asabar Baba yakan shafe sanda ta huɗu da mai. Matarsa ta ce, "Kai dai ka yi ta lallashin ƙarfen da ka ce ya mutu. Ƙofar ɗakina shekara uku tana kuka, ko ɗigo ba ta gani ba."

Wata Talata da hantsi baƙo ya hawo matakalar, ya zurma ƙafa a ruɓaɓɓiya ta farko, ya fito yana murmushi kamar an yi masa kyauta. Likitan haƙori ne daga wani gari mai nisa, da 'yar jaka da littafi da kyamara a wuya. Ya ce tasha sittin da ɗaya ya ziyarta, yana rubuta lambar kowane inji, amma har yau bai taɓa ganin ko ɗaya yana motsi ba.

"Baba, wannan na waje, jira yake yi?"

"Jira yake yi."

"Tun yaushe?"

"Ya ɗan jima."

Likita ya bi sandunan yana leƙa ƙasansu yadda yake leƙa bakin mutane. Biyar sun yi tsatsa. A kan ta huɗu ya tsaya, ya shafa, ya sunsuna yatsansa.

"Wannan ce ta cije?"

"Ita ce. Kada ka wahalar da kanka, ƙarti sun gwada."

"Ai ni, Baba, cire abin da ya ƙi fita shi ne sana'ata."

Da yatsa biyu ya ja. Sandar ta biyo shi sumul, waya ta yi ƙara a ƙarƙashin ɗakin, can a bakin tasha hannun sigina ya sauka, sheƙar tsuntsu ta faɗo daga kansa.

Abin da ya fara zuwa wa Baba ba tsoro ba ne, daɗi ne, kuma ya ji kunyar hakan. Ya san dokar a ka: in aka ba jirgi hannu ya yi minti goma bai motsa ba, laifi ya koma kan direba. Injin nan kuwa bishiya ta fito ta tsakanin ƙafafunsa har awaki na kwana a inuwarta. Minti goma kacal, ya wanke kansa, surukinsa ya ɗauki kayan. Har ya cire murfin biro. Sai ya tuna jirgin da ya mutu ba jirgi mai jira ba ne, rufe tashar za a yi. Ya hango gobe, sha ɗaya da kwata ta cika, babu wanda zai ɗago kai ya nemi izininsa. A nan ya gane ba don tsoron kora yake shafa mai ba. So yake ya san cewa sandar tana aiki, shi ne dai bai ga dama ba.

"Minti biyu," in ji Likita, wanda shi ma ya san dokar, kyamara a ido.

Direba ne ya hawo yana haki, usur na lilo a wuyansa.

"Surukina, me na yi maka? Yarinyar ce ta kawo ƙara?"

"Ba ni ba ne, baƙo ne."

"To ka gaya wa baƙo ko ɗigon mai babu a ciki. Kujerar da nake zama ma daga gidana na kawo ta."

Baba ya gyara murya. "Ikon Allah, yau dai sandar ta saki."

"Kai, rufa mana asiri! Daga kan injin ana hango shagon mai aski. Da idona na gan ka da rabin kai kamar an fara feraye kabewa."

Baba ya zauna a kan benci. "Shekara goma sha huɗu, ba ka faɗa ba?"

"In faɗa in shiga tasha? In na shiga sai na miƙa littafina. Kana tsammanin haka kawai jirgi ke zuwa a kan lokaci? Tasha biyu na wuce ban tsaya ba, mutane na ta ɗaga mini hannu, ni kuma ina ɗaga musu."

"Minti biyar," in ji Likita. "Ko mu tura shi ne? Taku ɗari biyu ne fa. In muka samu mutum talatin..."

"Likita," in ji Direba, "ka taɓa cire wa mutum haƙori mai lafiya?"

"Sau ɗaya."

"Ka rubuta a littafi?"

Likita ya sauke kyamara.

Baba ya tura sandar ta koma mazauninta, amma hannun sigina ya ƙi tashi. Wayar da ta shekara goma sha huɗu a miƙe ta tsinke a wani wuri cikin ciyawa. Ya duro daga matakala, bai ma san ya tsallake ruɓaɓɓun ba, ya bi layi a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a baya. Ya kama tsanin sandar sigina ya hau, gwiwoyinsa na ƙara, ya sa kafaɗa ƙarƙashin hannun ƙarfen ya ɗaga.

"Tara da rabi!" Likita ya yi ihu daga ƙasa.

Direba ya koma kan kujerarsa, ya gyara hula, ya dubi sigina da kyau kamar yau ya fara ganinta, ya busa usur.

"Dakata!" in ji Baba daga sama.

Ƙarfen ya fi yadda ya zata nauyi. Bayan rabin awa kafaɗarsa ta mutu, ga matarsa ta iso da kwanon abinci tana tsaye tana kallonsa.

"Likita!" ya kira. "Kai da kake son jirgi, hawo ka karɓe ni in sa wani abu a ciki."

Likita ya ajiye jaka da littafi a kan tsakuwa, ya hau, ya sa kafaɗa. Motar da za ta mayar da shi gida ta tashi ƙarfe ɗaya, ya hango ta tana fita daga gari, bai ko motsa ba. Baba na cikin wanke hannu ya ji muryarsa daga sama tana rawa don murna.

"Baba! Gobe ƙarfe nawa zan zo?"