Rariya Mai Tsaron Gida

Rariya ake kiran mai tsaron gidan ƙungiyar unguwa, domin ƙwallo ba ta shan wahalar wuce shi. Amma a shagonsa na ɗinkin rigunan wasa, ko zare ba ya kuɓuce masa. Da keken ɗinki ɗaya ya fara, har ya ɗauki ma'aikata.

Yayansa ne koci, kuma ya daɗe da ajiye shi a benci.

"Yaya, ka sa ni ranar Asabar," in ji Rariya. "Na daina sakin ƙwallo."

"Tun yaushe?"

"Tun da ka daina sa ni."

Yayan ya yi dariya har da hawaye, ya amince.

Ranar Alhamis bayan sallar azahar, Rariya ya je tasha karɓo yadi, 'yan ta'adda suka tayar da bam. Yana cikin waɗanda suka rasu.

Ranar wasan, yayan ya kasa miƙa wa kowa safar hannun ƙanensa. Da furfurarsa da ciwon gwiwarsa, shi ya shiga raga. Da ƙwallo ta sake wuce shi, sai ya goge ido ya ce, "Allah ya jiƙan ka, ƙanena. Ashe ragar nan faɗi gare ta."