Ɗaya-Biyu da Hukumar Sulhu

Duk ranar da aka zauna rubuta tarihin yadda ƙasar nan ta fita daga rikici, babu wanda ya cancanci shafin farko kamar Ɗaya-Biyu. Ba a yi taron share fagen kafa Hukumar Gaskiya da Sulhu ba shi a ciki ba. Yana riga shugaban kwamiti isowa, ba ya barin zauren taro sai bayan masu shara. Muryarsa ce ta farko a kowane zama, kuma ba a taɓa samun wanda ya musa abin da ya faɗa ba. Abin da yake faɗa kuwa shi ne, "Gwaji, gwaji, ɗaya, biyu." Sai ya ƙwanƙwasa kan makirfo da ɗan yatsa, ya koma bayan labule inda wayoyinsa suke. Nan sunan ya samo asali, har ya binne na yanka.

Hayar lasifika ce sana'arsa. Shagonsa wani ɗan siririn ɗaki ne tsakanin mai aski da mai sayar da cajar waya, kullum yana ƙaurin dalma. An jibge lasifikoki har kusa da rufi, wayoyi kuma a nannaɗe a jikin ƙusoshi, kowace da ƙusarta. Mutum ne mai aƙida ɗaya tak a duniya: maganar da aka yi ba a kunna makirfo ba asara ce. An sha ganinsa ya ruga ya tare babban baƙo a tsakiyar jimla, yana cewa, "Dakata, ranka ya daɗe, ba a kunna ba." Manya suna yi masa biyayya, don babu mai son jawabinsa ya tafi a banza.

Matarsa tela ce, kekenta na ɗinki a bakin tagar ɗakin gaba. 'Ya'yansu biyu: namiji, wanda bai daɗe da fara koyarwa a firamare ba, da ƙanwarsa. A shekarar da rikici ya fi zafi, wata rana da la'asar, Ɗaya-Biyu yana can yana ɗaura lasifika a wani taro, wasu mutane da fuskoki a rufe suka shigo gidan. Sun tarar da saurayin yana gyara littattafan ɗalibansa. Ɗaya daga cikinsu ya nuna shi ya ce, "Shi ne." Suka tafi da shi. Ba a sake ganinsa ba, ba a kuma kawo gawa ba.

Iyakar abin da aka faɗa a gidan ke nan, amma ya ishi uwar. Muryar ba baƙuwa ba ce. Ta sha yi mata sallama a ƙofa.

Da mijin ya dawo, ta ce, "Baban yara, na gane muryar ɗaya daga cikinsu."

Ya waiga taga, ya ja labule. "Ki rufa mana asiri. Muna da sauran 'ya."

A wannan lokacin ya yi gaskiya, kuma ita ma ta san haka. Abu ɗaya kawai ta gindaya: shi ne uban yaron, shi zai fara jin sunan, kafin 'yarsu, kafin 'yan'uwanta, kafin kowa. Mace ce da idan ta ƙulla magana ba ta warware ta.

Rikici ya lafa. Aka sa hannu a takardu, aka ɗauki hotuna, aka ce za a kafa hukumar da kowa zai zo ya faɗi abin da ya gani. Amma ba a kafa hukuma haka kawai, sai an shirya. Aka naɗa kwamitin shiri, kwamitin ya fara taro a wani otal mai sanyin na'ura da kafet mai ƙamshin jiƙa, kuma taro yana buƙatar lasifika.

A ɗaya daga cikin tarukan farko aka kawo wata ƙwararriya daga waje. Ɗaya-Biyu yana tsugune a bayan tebur yana liƙe wata waya da ta goge, sai ya ji mai fassara yana cewa, idan shaida ya yi ta maimaita labarinsa, labarin yana gogewa, yana cakuɗa da na wasu, shi ya sa faɗar farko ta fi daraja. Ta ci gaba da wasu bayanai, wataƙila har da masu warware wannan, amma a daidai lokacin lasifikar hagu ta fara kuka, ya tashi ya nufe ta. Abin da ya ji ya ishe shi. Ga masu ilimi sun tsallako teku sun tabbatar da abin da ya daɗe da sani.

Washegari da safe, yana naɗe waya a gwiwar hannu, matar ta tsayar da keken.

"Yanzu dai an daina harbi. Zauna in gaya maka sunan."

"Ki adana shi," in ji shi. "Kada ki ɓata shi a nan. Akwai ranar da za a zaunar da ke a gaban manya, ni da hannuna zan saita miki makirfo. Duk ƙasa za ta ji."

"Ni ba ƙasa nake so ta ji ba. Kai nake so ka ji."

"Ai ina wurin. Ni ne ma zan fi kowa ji, da abin kunne a kaina."

'Yar, wadda ke goge kayan makaranta a gefe, ta ce, "Baba, wato sai an tayar da janareto sannan Mama za ta yi magana a gidanta?"

"Ke ba ki san aikin ba. Yi gugarki."

Shirin ya yi armashi. An yi taro a kan sunan hukumar, ko gaskiya ce za ta zo a gaba ko sulhu. An yi taro a kan siffar tebur. An yi taron bita ga waɗanda za su yi wa masu ɗaukar shaida bita. Sai aka zo kan kuɗi, nan kuma aka samu fahimtar juna irin wadda ba a taɓa samu ba tun kafin rikici. Masu ba da tallafi suka ce a shirye suke, da zarar gwamnati ta ajiye nata kason. Gwamnati ta ce a shirye take, da zarar masu tallafi sun ajiye nasu. Kowa ya yaba da shirin ɗan'uwansa. Kuɗin da ke hannu na shiri ne kawai, doka ba ta yarda a taɓa su don zama ba, saboda haka aka yi abin da ya dace da su, aka ci gaba da shiri.

Ba za a ce shekarun nan sun cuci Ɗaya-Biyu ba. Ya sayi sabuwar amfilifaya. Ya sauya kwanon rufin gidan da ke yoyo tun aurensu. Ya koyi cin abinci da cokali mai yatsu. Ya haddace jawabin buɗe taro na shugaban kwamiti har yakan motsa leɓe tare da shi daga bayan labule. Kuma kowace safiya yana bin layinsu yana gaisawa da kowa: mai aski, mai caja, direban da ke ɗaukar masa kaya, maƙwabcin da suke raba kuɗin gyaran famfo. Duk wanda ke da taro a cikinsu, shi ke ɗaura masa lasifika, da rangwamen maƙwabtaka. Mutumin da bai san sunan ba yana iya miƙa wa kowa hannu. Wanda ya sani kuwa dole ya yi wani abu, ko kuma ya ƙi yin komai yana sane. Ba mu da hujjar cewa Ɗaya-Biyu ya taɓa yin wannan tunani. Abin da muka sani shi ne, duk lokacin da matar ta tsayar da keke ta dube shi, sai ya tuna akwai batir da bai sa a caji ba.

Ita kuwa ta ci gaba da ɗinki. Tana karɓar aikin duk matan layin, tana auna su, tana yi musu hira. 'Yar ta yi ta sa ido ko za ta ga gidan da uwar ke ƙin karɓar ɗinkinsa, ba ta gani ba. Har ta yi aure ta tafi, ta haihu, ba ta gani ba.

Wata rana da tsakar rana, matar ta zo shagon. Ba ta taɓa zuwa ba. Ta shigo tana haki, ta share ƙura da gefen mayafi, ta zauna a kan wata ƙaramar lasifika.

"Lafiya? Wa ya rasu?"

"Babu. Kunna."

"In kunna me?"

"Ɗaya daga cikin tarkacen nan naka. Ka ce ba ka jin magana sai an kunna. To ga ni, kunna."

Ya yi dariya, ya leƙa waje ko mai aski yana ji. "Haba, Maman yara. Wannan ai ta haya ce."

"Zan biya. Nawa ne?"

"Ba a nan ba. Ki duba wurin, ko kujera babu."

"Ƙafata tana yi mini nauyi kwana biyu. Harshena ma wani lokaci sai in ji kamar ba nawa ba. Abin nan ya yi mini yawa, Baban yara. Na gaji da ɗauka ni kaɗai."

Ya tsaya da waya a hannu. Mai caja, wanda ya hango su ta ƙofa, ya ce daga baya ya ga hannun Ɗaya-Biyu ya nufi maɓallin amfilifaya. Amma sai direba ya danna hon a waje. Ranar akwai babban taro da masu tallafi, kuma an ce wannan karon da gaske ne.

"Yau za a tsayar da rana," in ji shi. "Wallahi yau. Kin yi haƙurin mai yawa, saura kaɗan. In na dawo zan sayo miki maganin ƙafa."

Ta dube shi, ta miƙe a hankali, ta gyara mayafinta. "Ka sayo mai kyau," ta ce. Direba ya rage mata hanya, tana zaune a gaba, mijinta a baya yana riƙe da lasifikoki kada su faɗi.

A taron an tsayar da ranar da za a tsayar da rana.

Ba a cika wata ba, ta faɗi a kan keken ɗinkinta. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma maganarta ta ɗauke. Ɗaya-Biyu ya ba wani abokin sana'a aikin otal, ya zauna a gefen gadonta. A nan ne, a ɗakin da babu waya ko ɗaya sai ta fanka, ya ga cewa a shirye yake ya ji. Ya kama hannunta mai lafiya.

"Zan riƙa kiran mutanen layi. In na zo kansa, ki matse hannuna."

Ya fara da mai aski. Bai kai ga na biyu ba ta zare hannun, ta juya fuska bango. Ya gwada washegari, ta sake juyawa. Ya tambayi likita ko hakan na nufin mai aski ne, ko na nufin ba shi ba ne. Likitan ya ce masu irin wannan ciwo sukan juya, bai kamata a ɗora wa juyin ma'ana ba. 'Yar, wadda ke tsaye da kwanon ruwa, ta ce ita ta san ma'anarsa, amma ba ta faɗa ba, shi ma bai tambaya ba.

Ta rasu kafin damina. Duk mutanen layi sun zo gaisuwa, babu wanda ya rage. Ya karɓi hannun kowa, yana sauraron yadda kowannensu ke cewa Allah ya jiƙanta. Shi da ke gane lasifikar da ta kusa mutuwa daga ƙarshen fili, bai ji komai a muryar kowa ba.

Kuɗin sun zo daga baya, ba duka ba. Aka taƙaita zaman, aka mai da shi zaure ɗaya. Aikin sauti kuma aka ba wani babban kamfani mai makirfo marasa waya, don masu tallafi sun ce sai kamfani mai rajista. Ɗaya-Biyu ya sa rigar da matar ta ɗinka masa, ya je a matsayin shaida, 'yarsa tana riƙe masa jaka.

Aka zaunar da shi. Makirfon yana ɗan shaƙewa, ya lura, ya kusa miƙa hannu ya gyara, sai ya fasa. Shugabar zaman, wata dattijuwa mai tabarau da taushin murya, ta ce ya kwantar da hankalinsa, ya faɗi abin da ya gani.

"Ban ga komai ba, ranki ya daɗe. Ina wajen aiki."

"Wa ya gani?"

"Uwarsa."

"Tana nan?"

"Ta rasu."

"Allah ya jiƙanta. Ta gaya maka wanda ta gani?"

"Ta so ta gaya mini."

Dattijuwar ta duba agogon bango, ta duba layin shaidun da ke jira, ta yi masa tambayar da ake rufe kowace shaida da ita.

"Baba, yau da kake zaune a nan, akwai wanda kake riƙe da shi a zuciya?"

"Wa zan riƙe, ranki ya daɗe? Ai ban san shi ba."

Wani daga baya ya fara tafi, zauren ya ɗauka. Wata baƙuwa daga cikin masu tallafi ta share ido bayan an fassara mata. Aka ba shi ruwan gora, aka raka shi har ƙofa cikin girmamawa, 'yarsa tana biye da shi.

Da rahoton hukumar ya fito, an lissafa shi cikin waɗanda suka yafe.