Surukina da Ƙadangarun Dutse

Shekara ashirin da shida surukina, mijin 'yata ta biyu, yana fita kafin rana ta ɗaga. Kyamara a tsohuwar jaka, gorar ruwa, da riga guda mai launin ƙasa wadda bai yarda a canza masa ba, wai sun saba da ita. Su wa? Ƙadangaru. Aikinsa ke nan, ɗaukar hoton wani ƙadangare mai ƙaya a wutsiya da ke zama a tsagar dutse. Ba irin na katangar gida ba ne mai gyaɗa wa mutane kai. Wannan ko inuwarka ya hango ya shige, sai gobe.

Direban da ke kai shi a da shi ya ba ni labarin yadda yake yi. Ya isa tun dutse na da sanyi, ya zauna inda inuwarsa ba za ta kai bakin ramin ba, ya ɗora kyamara a gwiwa, shi ke nan. Ƙuda ya sauka a hancinsa, ba zai kora ba. Sai dutse ya ɗumama abin zai leƙo da kai.

"Inna, barci biyu na yi na tashi," in ji direban, "bawan Allahn nan ko ƙafa bai sauya ba. Na ce ko dai ya cika ne a zaune?"

Wani ramin sai ya yi masa zaman kwana tara kafin ya samu hoto ɗaya. Masu bincike su karɓa su buga a littafi. Na sa an duba mini, sunansu a sama manya-manya, nasa can ƙasa kamar tururuwa. Shi bai damu ba. Ni dai ina sane da su.

Sau ɗaya ya yi kuskure. Ya ba wani baƙo hoto, a bayan ƙadangaren ga wani dutse mai kama da turmi. Hoton ya yi yawo a waya. Masu kama su suna sayarwa ƙasashen waje suka gane wurin, suka zo da ƙarafa suka ɓamɓare duwatsun. Ƙadangaru goma sha huɗu ya sani a wurin, da ya koma ko ɗaya bai tarar ba. Tun daga ranar, ka duba hotonsa, ba sama, ba bishiya, ba abin da zai nuna maka hanya. Direban ma ya sallame shi. Sai ya hau motar haya, ya sauka a bakin titi ya taka da ƙafa, awa biyu zuwa, awa biyu dawowa.

Tafiyar nan ce ta cinye masa gwiwa. Bana likita ya ce sai an yi aiki, shi kuwa ba shi da halin. Ya rataye kyamara a ƙusa.

Sai ga dillalin masu kamawa a ɗakina, da fara'a har kunne. Ya ce, "Inna, ke kaɗai ce ba zai iya musa wa ba. Wuri uku kawai ya nuna mana, gobe mu kai shi asibiti."

Na auna. Ƙafar uban jikokina a nan, ƙadangare a can. Ban ga abin tunani ba. Na yafa mayafi na tafi.

Na same shi a tabarma ya miƙe ƙafa. Ya yunƙura zai tashi, na ce zauna. 'Yata na tsaye bakin ƙofa. Na faɗi abin da ya kawo ni. Bai ɗago ido ba.

"Inna, tunda nake ban taɓa ce miki a'a ba."

"To kada ka fara yau."

"Sai da na yi shekaru ina zama kafin suka daina guduna. In na kai mutanen nan, da rigata aka kama su."

"Uku fa kawai aka ce."

"Wancan karon ɗaya ne, Inna."

Na ce, "To ni faɗa mini wuraren in riƙe maka, kada ka tafi da su kabari."

Ya yi murmushi yana kallon tabarma. "Inna, ke kina da baƙi da yawa."

'Yata ta fashe da dariya ta shige ɗaki. Ni ban yi dariya ba sai da na dawo gida.

Surukina, baban yara, kai ne ka riƙe amanar abin da ba zai taɓa ce maka an gode ba. Kai ne ka zaɓi ɗingishi. Ni na zo in sa ka sayar, kai ka ƙi, kuma cikin ladabi. Wannan laifin nawa ne, na faɗa a gaban mutane don ya sauka daga wuyana. Na gode. Ku kuma masu aiki da ke jin labarin nan, kowa akwai abin da aka sake jiki da shi aka nuna masa. Sai ya kula da wanda zai faɗa wa.

Dillalin na aika masa kada ya sake tako mini ƙofa. Gwiwar har yau ba a yi aikin ba. Da sanda surukina yake zuwa gaishe ni, tafiyar minti biyar ta koma rabin awa. Ina jin bugun sandar tun daga lungu. Ni da ban taɓa tashi wa suruki ba, kafin ya yi sallama na miƙe.