Abin da Idon Lokotoro Bai Gani Ba

Ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, a Illela lokacin da na ji ƙullutu a nonona na hagu. Wata biyu ban gaya wa kowa ba. Yayata ce ta gano, ranar da muke sussukar gero ta ga na kasa ɗaga taɓarya. Ita ta raka ni asibitin Ƙonni, daga can aka tura mu Yamai, aka ce ciwon daji ne.

Washegarin da aka yi mini aiki lokotoron, wato likitan da ya yi aikin, ya shigo, wani dattijo mai magana a hankali. Na ce, "Lokotoro, ka cire shi duka?"

Sai ya jawo kujera ya zauna.

Ya ce, "Malama, na cire abin da idona ya gani, da abin da yatsuna suka ji. Amma ciwon nan yakan bar burbushi, ba a rarrabe shi da lafiyayyen nama. A wasu ƙasashe akwai maganin da ake sa wa mutum a jijiya kafin aiki, ya bi jini ya manne wa ciwon shi kaɗai. In an haska wata fitila sai wurin ya yi haske, a bi shi a yanke. Mu ba mu da shi tukuna. Sai dai mu jira sakamakon naman da muka aika awo."

Yaya ta ce, "Allah ya sa mu ji alheri."

Muka koma gida. Mako uku ina latsa gefen ɗinkin ina neman abin da ba a gani, har Yaya ta riƙa buge mini hannu. Waya na yin ƙara sai in ruga in ɗauka. Na fara raba zannuwana a zuci, wannan na wance, wancan na wance.

Ranar kasuwa aka kira daga asibiti, ina zaune a gindin zaure. Suka ce akwai sauran ciwon a bakin yankan.

Na ce, "Yaya, ashe yana nan, ina ta yawo da shi."

Ta ɗauko jakata ta fara zuba kaya. "Tunda an gan shi, tashi."

A aiki na biyu suka cire nonon gaba ɗaya. Da damina ta fita na koma aji. Duk wata shida nakan je Yamai a duba ni, kuma har yau, da mota ta wuce Doso sai in fara latsa gefen ɗinkin.