Mazhar Gondal, Guguwar Bhalwal (1979–2022)

Haihuwa da Asali

An haifi Mazhar Gondal ranar 14 ga watan Maris na shekarar 1979, a wani ƙauye da ke gefen garin Bhalwal, cikin lardin Punjab na ƙasar Pakistan. Mahaifinsa, Chaudhry Nazir Gondal, manomi ne mai gonar lemo, mahaifiyarsa kuwa, Kausar Bibi, 'yar wani limami ce daga Sargodha. 'Ya'ya biyu Allah ya raya musu, duka maza, Mazhar ne ƙarami. Wansa Sikandar, wanda yake kira Paji saboda girmamawa, ya ba shi shekara shida.

Karatu da Fara Wasa

A shekarar 1985 aka sa shi makarantar firamare ta ƙauyensu, yana kuma ɗaukar karatun Alƙur'ani a masallaci. Malamansa sun shaide shi da ladabi, amma babu wanda ya shaide shi da ƙwazo, domin hankalinsa na filin kurket, wasan da wani ke jefa ƙwallo wani ya doke ta da sanda, inda Sikandar ya yi suna wajen jifan ƙwallo a duk gundumar. A shekarar 1992 aka gayyaci Sikandar gwaji a Lahore, sai mahaifinsu ya kamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ranar tafiya. Sikandar ya haƙura ya rungumi gona, ya juye dukkan burinsa a kan ƙanensa. A tsakanin layukan lemo ya koya masa doguwar sheƙawa da gudu, da tsalle, da murɗa baya a lokacin sakin ƙwallo, har jifan Mazhar ya zama abin da masu riƙe da sanda ke shakka.

Shiga Tawagar Ƙasa

Sikandar da kansa ya raka shi Lahore a shekarar 1996, ya damƙa shi ga wata ƙungiya, ya juyo gida a ranar saboda ban-ruwa. Cikin shekara biyu aka kira Mazhar tawagar ƙasa, yana ɗan shekara goma sha tara. A wasansa na farko ya fitar da masu riƙe da sanda biyar na abokan hamayya daga wasa da jifansa, jaridu suka laƙaba masa Guguwar Bhalwal, mutanen ƙauye suka raba alewa har ga matafiya a bakin titi.

Saɓani da Rauni

A watan Janairu na shekarar 1999 ya zo gida ƙaramar salla. A filin idi Sikandar ya lura cewa ƙanensa ba ya iya cika ruku'u. Da suka zauna cin abinci tare da mahaifiyarsu, sai ya tare shi da zancen.

"Tun yaushe bayan nan yake damun ka?"

"Wane baya kuma, Paji? Sanyi ne kawai."

"Je ka faɗa wa wanda bai san ka ba. Ruku'un tsoho kake yi. Ka sanar da likitan tawaga, ka huta shekara guda, ai filin ba guduwa zai yi ba."

"Fili ba ya gudu, amma gurbi yana gudu. Samari nawa ke jiran in yi tari su ɗauke wurina? Kai da ka zauna, me zaman ya yi maka? Ga ka nan kana korar tsuntsaye daga kan lemo."

"Mazhar!" in ji mahaifiyarsu. "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah!"

Sikandar ya ajiye gurasar da ke hannunsa, ya yafa bargonsa, ya nufi gona. Washegari Mazhar ya koma Lahore ba tare da sun yi sallama ba.

Ya ɓoye ciwon ga likitoci da masu horarwa, yana danne shi da ƙwayoyi, har aka tafi da shi wasanni a ƙasar waje. A can ne, a ƙarshen wannan shekara, ya sheƙo da gudu zai yi jifa, ya yanke jiki ya faɗi a gaban dubban 'yan kallo. Bincike ya nuna ƙashin bayansa ya tsage. An yi masa aiki, ya yi jinya mai tsawo, ya kuma gwada dawowa a shekarar 2001, amma saurin ya tafi, kuma an riga an cike gurbinsa.

Aiki, Aure da Zaman Lahore

Kunya ta hana shi komawa gida. Ya karɓi aikin koyar da motsa jiki a wata makaranta a Lahore. Da mahaifinsu ya rasu a shekarar 2002, ya zo ya zauna karɓar gaisuwa kafaɗa da kafaɗa da wansa, amma maganarsu ba ta wuce ta ta'aziyya ba. A shekarar 2004 ya auri Shaista, 'yar wani malamin makarantar, Allah ya albarkace su da 'ya'ya.

Duk kakar lemo Sikandar yakan aiko masa da akwati guda, ba tare da saƙon baki ba. Mazhar yakan daɗe tsaye a gaban akwatin lemon, sannan ya ce baɗi zai je ya nemi gafara. Wata shekara Shaista ta gaji ta ce masa, "Wai baɗin nan naka a ƙafa yake tahowa ne? Bhalwal fa ba Makka ba ce, motar safe za ta kai ka." Ya yi dariya ya ce sai an yi hutu. Aka yi hutun, bai je ba.

Rasuwar Sikandar

A watan Disamba na shekarar 2011 zuciyar Sikandar ta buga yana cikin gona, ya cika kafin a kai shi asibiti. Mazhar ya iso ana saka shi a kabari. Bayan an watse ya durƙusa gaban matar marigayin, Nasrin, ya tambaye ta ko Paji ya tafi da fushinsa.

"Wane fushi?" in ji ta. "Shi fa kunyarka yake ji. Kullum cewa yake shi ya koya maka jifan da ya karya ka, da wane ido zai dube ka? Duk shekara in ya ɗaure akwatin nan, sai ya ce mini wataƙila bana ka yafe masa."

Waɗanda ke wurin sun ce Mazhar bai iya tashi ba sai da aka kama shi.

Shekarun Ƙarshe

A shekarar 2012 ya ajiye aiki, ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauye. Ya riƙe gonar, ya kula da mahaifiyarsa har ta rasu a shekarar 2015, ya kuma aurar da 'ya'yan wansa mata biyu. Da yamma yakan zauna a bakin fili yana gyara wa matasa jifa da fatar baki, domin shi bai sake ɗaga hannu da ƙwallo ba. An san shi da tsanani a kan abu ɗaya: duk wanda ya gani yana dafa baya, gida zai kora shi, ko da gobe ne wasan ƙarshe na gasa.

Rasuwa

A shekarar 2020 ciwon ƙoda ya kama shi, wanda likitoci suka danganta da daɗewa yana shan ƙwayoyin kashe zafi. Allah ya yi masa rasuwa ranar 9 ga watan Nuwamba na shekarar 2022, yana da shekara arba'in da uku. An yi masa salla bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar zuri'arsu, matasan filin ne suka ɗauki makararsa. Jaridun da suka raɗa masa suna sun ba da labarin a taƙaice, a shafukan ciki.

Ya rasu ya bar matarsa Shaista da 'ya'ya uku: Mahnur, mai karatun aikin jinya a Sargodha; Taimur, wanda ke taimakon mahaifiyarsa da gonar; da auta Ariba. Babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa tsayawa a bakin fili ya ga mahaifinsa yana jifa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya haɗa shi da ɗan'uwansa a gidan rahama.