Kifin da Ƙuda Ya Ƙi

Ko da zan manta shekarar da aka haife ni, wadda dama ban taɓa saninta daidai ba, ba zan manta da wata ranar Alhamis da na kusa ciyar da gidan suna guba ba, ina shugaban masu sayar da bandar kifi a layinmu na kasuwar Suleja.

Shugabancin ma tsintarsa na yi. Mutum biyu ne masu ilimi suka nema, suka yi ta rigima har 'yan ƙungiya suka gaji, sai wani ya ce a ba wa mai surutun nan, ko ba komai zai riƙa ba mu dariya. Ni kuwa a aji uku na sallami boko, har yau da babban yatsa nake sa hannu a takarda. Amma da na ji an fara ce mini Ciyaman, sai na sayi sabuwar hula, tafiyata ma ta canza.

Wata biyu da hawana, ana tsakiyar damina, 'yan duba-gari suka zagayo. Babbansu ya ce ƙudaje sun yi yawa a layin kifi, in muka bari ya dawo ya tarar da haka zai rufe mana rumfuna. Ban shawarci kowa ba, na kafa doka: duk teburin da na ga ƙuda ya yi yawa, za a mayar da shi ƙarshen layi, bakin kwata, inda mai saye ba ya ƙarasawa.

Wadda dokar ta fara ci ita ce Madam, wata dattijuwa 'yar kudu, daga garuruwan bakin ruwa. Ta fi shekara talatin a Suleja, a gidan masunta aka haife ta, kuma kifinta ya fi na kowa maiƙo, shi ya sa ƙuda ke binsa. Da aka zo ɗaukar teburinta ta ce, “Ciyaman, ƙuda ba da doka ake korarsa ba. A sa mu share kwata, mu sayi raga mu rufe kaya.” Na ce mata ai ba ita aka zaɓa ba. Ta juya ta bi teburinta.

Ranar Laraba da yamma wani sabon dillali ya sauke mini kwando huɗu na tarwada, manya-manya, baƙaƙe, suna sheƙi. Araharsu ta yi yawa, amma ban tambayi dalili ba, don na ɗauka wayona ne ya yi aiki. Washegari da sassafe na buɗe kwando ɗaya, kafin in gama jerawa wata Hajiya ta zo ta ce 'yarta ta haihu, yau suna, a unguwar Kwamba, ta saye kwandon gaba ɗaya aka ɗora mata a keke napep. Na buɗe na biyu na jera. Hantsi ya yi, rana ta fito, ko ƙuda ɗaya bai sauka a teburina ba.

Abin da mai hankali zai tsorata da shi, ni shi na ɗauka abin alfahari. Na buga gwangwani na tara 'yan layi, na ce kowa ya zo ya ga yadda teburin shugaba yake. Ina cikin jawabi Madam ta keto mutane, riƙe da kifinta guda ɗaya. Ta ajiye shi a gefen nawa, ta koma gefe ta naɗe hannu. Nan da nan ƙudaje suka baibaye nata, nawa kuwa da ke manne da shi ko kusa ba su zo ba.

Ta ce, “Ciyaman, ƙuda da ke cin kwata ya ƙi kifinka. Kai kuma mutum kake so ya ci?”

Aka yi dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Ta karɓi ruwan zafi wajen mai shayi, ta fasa kan tarwada ɗaya daga teburina ta zuba. Warin da ya taso ba wanda bai san shi ba, fiya-fiya ne, maganin ƙwarin da ake fesawa a ɗaki. Ta ce da damina wasu marasa imani suna yayyafa shi a kan banda don kada tsutsa ta ci musu kaya. Dariya ta tsaya. Sai ta rage murya ta ce, “Ka sayar wa wani?”

Kwando guda, gidan suna, mai jego, yara, tsofaffi. Ba ni da lambar Hajiya, sunanta ma ban sani ba, abin da na riƙe kawai shi ne Kwamba.

Na haye bayan wani ɗan acaba na ce ya tashi. A rayuwata ban taɓa ce wa ɗan acaba ya ƙara wuta ba sai ranar. A hanya sabuwar hular nan ta tashi, ban ko waiwaye ta ba. Muka shiga Kwamba muna bin lungu-lungu, duk inda na hangi hayaƙi da kujerun haya sai in ce a tsaya. Gidan farko na faɗa tsakar gida ina cewa kada a ci kifi, ashe zaman makoki ake, kuma wake suke dafawa. Na yi musu gaisuwa a tsaye na fito da baya. Wani mai kanti ne ya ce akwai gidan da aka yanka rago da safe, bayan injin niƙa.

Na yi sallama sau ɗaya na kutsa, abin da ban taɓa yi ba a gidan mutane. Mata sun kewaye babbar roba, sun jiƙa kifin sun ɓare, suna cire ƙaya. Tukunyar miya tana tafasa a murhu, wata mata ta ɗauko robar farko tana nufar ta. Na ce, “Baiwar Allah, don girman Allah ajiye.”

Hajiya ta fito tana gyara mayafi. “Malam mai kifi, lafiya? Har cikin mata?”

Na ce, “Hajiya, an zuba a miya?”

“Yanzu dai za a zuba.”

“Ba wanda ya ɗanɗana?”

Wata tsohuwa ta ce ita ta kai loma baki ta tofar, ta ji ɗaci, ta ɗauka hayaƙi ne ya yi masa yawa. A nan na zauna daɓas a ƙasa, cikin ruwan wanke-wanke, ina ta hamdala. Na gaya musu gaskiya duka. Hajiya ta zage ni son ranta, ban da abin da ƙannenta suka ƙara, kuma ban taɓa jin zagi mai daɗi irin wannan ba, don masu rai da lafiya ne ke yinsa. Da ta gaji ta ce, “To yanzu da me zan ciyar da baƙina?”

Tana rufe baki sai ga keke ya tsaya a ƙofar gida. Madam ce, ta nemo mai keken da ya kai Hajiya gida ya kawo ta, da kwandon kifinta, da ɗan abin da sauran 'yan layi suka tara. Ta miƙa mini hulata da wani ya tsinta a titi, ta ce, “Riƙe, Ciyaman. Wannan kifin ƙuda ya ɗanɗana, ya ce lafiya lau.”

Da la'asar na kira 'yan duba-gari da kaina, aka ƙone kwandunan nan huɗu, har da na gidan Hajiya, a idon kowa. Dillalin bai sake tako kasuwarmu ba. Na ce wa 'yan ƙungiya ga shugabancinsu, suka ce in riƙe, wai yanzu ne na fara hankali. Ni na ɗauko teburin Madam a ka daga bakin kwata na mayar da shi inda yake. Asabar muka share kwatar, muka sayi raga, kamar yadda ta faɗa tun farko.

Abin da na koya shi ne, mutane suna iya ba ka kujera a yini ɗaya, amma sanin sana'a yana wajen waɗanda suka tsufa a cikinta, kuma shugaban da bai tambaye su ba zai hukunta mai gaskiya ya yi tutiya da guba. Tun daga ranar, in za a duba kaya a layi, da teburina ake farawa. Kuma duk safiya in na buɗe kwando, ba na sayar wa kowa sai na ga ƙuda ya sauka.